Neman shawara: in sayar da kayan sautin Baba in sayi na zamani?

Mai tambaya, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar na'urar CD da amfilifaya da manyan lasifika biyu na katako tun na shekarun 1990, kuma ni suka faɗo wa a rabon gado. Yanzu CD ɗin ya fara tsallake, wata rana ma ya ƙi karanta faifan sam. Ƙanina ya ce in kai su gwanjo in sayi doguwar lasifikar nan mai Bluetooth da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, wai zamani ya wuce wurin. Na je kasuwar Taminus a nan Jos na saurari guda biyu. Ƙara kam akwai, amma da na sa karatun Alƙur'ani, muryar ba ta cika min kunne kamar a gida ba. Shin kayan yanzu sun fi na da da gaske, ko kewar Baba ce take rinjayar kunnena?

Mai gyaran lantarki, Dilimi:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Malam, kada ka sayar, kuma ba kewa ba ce, kunnenka gaskiya ya faɗa maka. Sauti iska ce ake turawa, kuma akwatin katako mai faɗi ya fi ƙaramar roba tura iska, ko wace shekara aka ƙera su. Tsallaken nan kuwa, yawanci ƙurar hunturu ce ta zauna a kan idon da ke karanta faifan. In an goge bai daina ba, to idon ya yi rauni, ko bel ɗin tiren ya saki. Abin da zan ce ka duba tun yau shi ne soson da ya zagaye bakin lasifikar. Bayan shekara ashirin yakan ruɓe, kana taɓawa yana marmashewa. Ana canza shi. Kafasitocin cikin amfilifaya, wato ƙananan kayan da ke tara wuta, su ma suna bushewa, shi ne za ka ji yana gurnani ko ba a sa komai ba.

Sannan ka yi hattara da adadin da ke jikin kwalin sababbin nan. In ka ga dubban wat an rubuta PMPO, talla ce kawai. RMS za ka nema, shi ne ƙarfin gaske.

Ɗalibin injiniya, Unguwar Rogo:
Oga, na yarda da kai a kan lasifika, amma a yi wa zamani adalci. Sony da Philips sun fitar da CD a 1982, da ma'aunin ɗaukar sauti na bit 16 da 44.1 kHz, wanda ya isa ya ɗauki duk abin da kunnen mutum ke ji, wato zuwa wajen 20 kHz. Wannan ma'aunin bai tsufa ba. Abin da ya canza shi ne guntun da ke mayar da lambobi su zama sauti, DAC. Na farkon zamani suna da tsada kuma ba su kai na yanzu tsafta ba, yau kuwa ƙaramin abu kamar yatsa yana yin aikin. Ga kuma amfilifaya irin Class D, wadda ba ta zafi kuma ba ta shan wuta sosai. Mai sola ko inbata ya san amfanin wannan. To ci gaba an samu, Yaya, sai dai mafi yawansa ya tafi ne wajen araha da ƙanƙanta da sauƙin amfani. Shi ya sa ba ka ji shi a murya ba.

Mai tura karatu da waƙoƙi a memori, Titin Bauchi:
Ni tambayata ɗaya, Malam: da me ka gwada a Taminus? In daga wayarka ne, to ba a yi gwajin daidai ba. Faifan CD yana zuba 1,411 kbps, wato yawan bayanan sautin da ke fita a kowace daƙiƙa. MP3 da yawanci muke turawa 128 ne, an matse shi kusan sau goma sha ɗaya, wani ma 64 ne don ya shiga ƙaramin memori. Sai kuma Bluetooth ya sake matse shi kafin ya isa lasifika. Ka nemi MP3 na 320, ko FLAC wanda ba a rage masa komai na sauti ba, ka koma ka saurara, sannan ka yanke hukunci.

Hajiya, Gangare:
Ɗana, ni ban san waɗannan lambobin ba. Amma maigidana ya sayar da nasa irin naka shekarun baya, ya sayo mai fitilu kala-kala, bai shekara biyu ba ya mutu, mai gyara ya ce ba a buɗe cikinsa. Har yau yana zancen na da. Kuma kayan mahaifi ba a gaggawar rabuwa da su. In wurin ajiya ne matsala, ka gyara falon.

Mai gyaran lantarki, Dilimi:
Hajiya ta gama magana. In Bluetooth ƙaninka yake so, akwai ƙaramin risiba da ake jonawa a bayan amfilifaya ta wayar nan mai kai ja da fari, wurin da aka rubuta AUX. Shi ke nan waya ta haɗu da lasifikar Baba. Ka haɗa da sitabilaiza, don yadda wuta ke dawowa da ƙarfi tana cin tsofaffin kaya.

Mai tambaya, Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, na ji maganarki, ba zan sayar ba. Yanzu na cire ragar gaban lasifikar na duba, soson ta hagu ya tsage ta ƙasa, na dama lafiya lau. Oga, duka biyun ake canzawa tare, ko wadda ta tsage kaɗai? In sha Allah ranar Asabar zan shigo Dilimi da su a keke Napep.