Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: har a alƙaluman kasuwanci?

Mai Alƙaluma: Jama'a, a warware mana wannan. Hukumar Ƙidaya ta Amurka tana fitar da rahoton County Business Patterns duk shekara tun 1964. A ciki akwai yawan wuraren kasuwanci a kowace gunduma, da ma'aikatansu, da albashin wata uku na farko, da na shekara gaba ɗaya. Ma'aikatan da ake ƙirgawa su ne waɗanda ke karɓar albashi a makon da 12 ga Maris ta faɗo. Wasu na cewa makon nan shi ne Larabar, wanda ya gan shi ya ga shekarar. Karin maganar ta hau nan?

Dattijo: Ba ta hau ba, Malam. Ana faɗin ta ne idan alamar da abin da ake jira hanyarsu ɗaya. Maris da Yuli kuwa ba su haɗa hanya ba. Garin bakin teku da ya dogara da 'yan yawon buɗe ido, a Maris otal-otal ba su ɗebi ma'aikatan lokacin zafi ba tukuna. Masu gini a jihohin arewacin Amurka sanyi bai gama sakinsu ba, kantuna kuma sun riga sun sallami ma'aikatan wucin gadi na Disamba.

Hajiya Mai Lissafi: Baba, ni dai ina ganin tana da gurbi, muddin Maris ɗin bana za a auna da na bara. Inda ake yin ɓarna shi ne raba albashin shekara da ma'aikatan Maris a ce ga matsakaicin albashi. A gari irin wanda ka ambata adadin zai kumbura, domin kuɗin na mutanen shekara ne, kawunan kuwa na mako ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: a ninka albashin wata uku sau 4, a ajiye kusa da na shekara. Idan na shekarar ya yi masa fintinkau, sana'ar ta lokaci ce. Kuma mai aikin rabin yini da mai cikakken yini duk ɗaya ake ƙirga su.

Dattijo: Na yarda da wannan, Hajiya. Amma rahoton sai an haura shekara yake fitowa. Mai faɗin karin maganar kuwa Juma'arsa ba ta zo ba tukuna.

Ɗan Auta: To gundumar da aka ga sana'a babu ita a jadawali fa?

Hajiya Mai Lissafi: Kada ka ɗauka babu ita. Daga alƙaluman 2017, rukunin da bai kai wurare 3 ba ba a buga shi, kuma tun 2007 ana ɗan jirkita adadi don kare sirrin kamfanoni. Ba a sa ma'aikatan gona, na jirgin ƙasa, 'yan aikin gida da yawancin na gwamnati. Mai sana'ar da ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, a wani rahoton hukumar mai suna Nonemployer Statistics za ka neme shi.