Wace kyamara mai jawo nesa zan saya da jika 150?

Ɗan Ader, daga Tahoua:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni malamin makarantar firamare ne a nan Tahoua, kuma na shafe kusan shekara biyu ina tsakurar wani abu daga albashina domin in mallaki kyamarar ɗaukar hoto ta kaina. Yanzu abin da ke hannuna ya kai jika 150, wato sefa dubu 150, kuma ba na jin zan iya ƙara komai a kai kafin ƙarshen shekara. Ban taɓa riƙe wata kyamara ba sai ta wayar salula, shi ya sa na ga gara in tambayi waɗanda suka riga ni shiga harkar kafin in zuba kuɗin.

Abu biyu nake son ɗauka. Na farko kokowa ce, domin ba na fashin zuwa fili, amma daga inda muke zama duk hoton da na ɗauka da waya ƴan kokowar sukan fito ƙanana kamar tururuwa, in kuma na jawo su da yatsa sai fuskokinsu su dagule. Na biyu tsuntsayen tafkin Tabalak ne, waɗanda nake son in riƙa nuna wa ɗalibaina a aji da sunayensu na Hausa. Wani ɗan kasuwa ya nuna mini wata ƙaramar kyamara sabuwa fil a kwalinta, an rubuta megafiksel 48 da zum 16X a jiki, sunan kamfanin kuwa ban taɓa jin sa ba, kuma kuɗinta bai kai rabin abin da nake da shi ba. Shin wannan za ta biya mini buƙata, ko kuwa in nemi ta hannu daga sanannen kamfani? Allah ya saka da alheri.

Mai hoton biki, daga Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam. Ina roƙonka kada ka sayi wannan da aka nuna maka. Na daɗe ina ɗaukar hoton aure da na suna a nan Yamai, kuma na sha ganin mutane sun kawo mini irin waɗannan ƙananan kyamarori suna tambayar dalilin da ya sa hotonsu bai kai na waya ba.

Zum iri biyu ne, kuma duk maganar a nan take. Akwai na gilashi, wanda gilasan da ke cikin hancin kyamarar suke motsawa da gaske, hancin ya miƙe waje, abin da ke nesa ya matso ba tare da ya rasa tsabtarsa ba. Akwai kuma na dijital, wanda ba ya jawo komai, yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya kumbura shi, daidai da abin da wayarka take yi maka a filin kokowa. Irin kyamarar da ka kwatanta kusan kullum zum ɗinta na dijital ne. Ka kunna ta ka danna maɓallin jawowa. In hancinta bai motsa ba, kuma ba ka ji ƙarar wani abu yana tafiya a ciki ba, ka mayar wa mai ita. Yawan megafiksel ma, wato yawan ƴan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, kada ya ruɗe ka. Hoton da za a wanke a girman takardar A4 ya fito tas bai buƙaci fiye da megafiksel 9 ba, ƙaramin hoton da ake sa wa a albam kuwa 2 da ɗoriya sun ishe shi.

Abin da ya dace da kai shi ne irin kyamarar nan mai siffar ta ƙwararru amma gilashinta a manne yake, ba a cire shi. Ita ce aka yi domin mai son nisa da kuɗi kaɗan. Ka nemi Panasonic Lumix FZ82, wadda a Amurka ake kira FZ80, da ta fito a 2017, zum ɗinta na gilashi ninki 60 ne. Ko Canon PowerShot SX540 HS mai ninki 50, ko Sony HX400V, ita ma mai 50. Sai dai ka gane yadda ake lissafin nan, domin ƴan kasuwa da shi suke tsawwala farashi. Ninkin ba nisa yake nufi kai tsaye ba, raba dogon awon gilashin ake yi da gajerensa, kuma da milimita ake auna su. FZ82 tana farawa daga milimita 20 ta ƙare a 1200, shi ya ba da 60. Canon da Sony ɗin nan suna farawa daga 24 su ƙare a 1200, shi ya ba da 50. Ka ga ke nan dukansu uku a wuri ɗaya suke tsayawa ta fuskar nisa, bambancin kawai shi ne ta farkon ta fi kwaso fili mai faɗi idan ba a jawo ba. Saboda haka lamba ta biyu za ka duba, wadda ke nuna inda gilashin ya ƙare.

Ni da zan zaɓa maka, FZ82 zan ce, saboda tana da ƴar tagar da ake kafa ido a leƙa. A ranar ƙasarmu allon bayan kyamara ba ya ganuwa da kyau tun daga hantsi, kuma manna kyamarar a fuska yana rage rawar hannu sosai. Canon SX540 ba ta da wannan tagar. Jika 150 ɗinka bai kai yuro 229 ba a canjin da aka tsayar na kusan sefa 656 kan yuro ɗaya, don haka ka sa rai da ta hannu, kada ka sa rai da sabuwa.

Ƴar Abalak:

Malam, barka da ƙoƙari, kuma Allah ya sa wa ɗaliban albarka. Ba ni da ilimin da Mai hoton biki yake da shi, amma aikina yana kai ni rugage da mashayar dabbobi, wani lokaci in kwana uku ko huɗu ban ga wutar lantarki ba, kuma daga nan zan yi maka magana.

Tawa Nikon Coolpix B500 ce, zum ɗinta ninki 40, yana kaiwa milimita 900. Dalilin da ya sa na zaɓe ta shi ne batir. Tana cin ƙananan batura huɗu na AA, irin na tocila da rediyo, waɗanda za ka samu a kan tebur a kowace kasuwar ƙauye. Sauran kyamarorin da aka ambata kowace da batirinta na musamman, in ya mutu ko ya kumbura saboda zafi, sai ka jira wani mai zuwa daga Yamai ko daga ƙetare kafin kyamarar ta sake tashi. Na sayi batura takwas masu caji, huɗu a ciki huɗu a jaka, ban taɓa tsayawa ba. Baturan nan masu arha na kan tebur ba sa daɗewa a cikinta ko kaɗan, na gaggawa ne kawai. Gaskiya ne ba ta da tagar leƙawa, kuma ba ta barin mutum ya saita saurin ɗauka da kansa, ita ke yanke wa kanta hukunci. Ga tsuntsun da ke tsaye a bakin ruwa wannan ba matsala ba ce, na ɗauki zalɓe da balbela da agwagin ruwa a Tabalak sun fito yadda nake so.

Abin da na fi son ka ji shi ne ƙura. Duk lokacin da hancin kyamara ya miƙe ya koma, iska yake shaƙa, kuma da iskar ƙura take shiga. Kyamarata ta farko haka na rasa ta, a cikin hunturu ɗaya, hancin ya maƙale a waje da yashi a ciki, mai gyara ya ce kuɗin aikin ya kusa na wata. Tun daga nan ba na kunna ta idan iska tana tashi, ina ajiye ta cikin leda mai zif sannan in sa a jaka, kuma ba na goge gilashin da gefen mayafi, sai na hure ƙurar da ƴar robar busawa tukuna, domin yashi yana karce gilashi. Kada kuma ka bar ta a cikin mota ko a akwatin babur da rana.

Tsohon ɗan kallo, daga Birnin Konni:

Ƙanena, ni ma na bi gasar takobi, wato babbar gasar kokowa ta ƙasa, jiha-jiha tun ina da ƙarfi, kuma ina ganin akwai abin da ba a faɗa maka ba. Waɗanda suka riga ni magana sun yi gaskiya, amma kokowa ba tsuntsun da ke tsaye ba ce. Kaye a ƙiftawar ido yake faruwa, kuma manyan karawa sau da yawa sai rana ta yi sanyi ake yin su, ga ƙurar fili ta turnuƙe ta rage haske. A wannan lokacin nisan gilashi ba shi ne damuwarka ba, yawan hasken da yake bari ya shiga shi ne.

Kusan duk kyamarorin nan masu dogon zum, da zarar ka jawo su zuwa ƙarshe sai ƙofar hasken ta tsuke. A jikin gilashin FZ82 za ka ga an rubuta 2.8 zuwa 5.9, a na B500 kuwa ƙarshensa 6.5 ne, kuma mafi girman lambar mafi ƙarancin haske. Idan haske ya yi kaɗan, kyamara takan bar idonta a buɗe na tsawon lokaci, sai ɗan kokowar da ke motsi ya fito kamar hayaƙi. Ga shi kuma farantin da ke karɓar hasken a cikin dukansu ƙarami ne ƙwarai, faɗinsa bai wuce milimita 6 da kaɗan ba, don haka ba shi da juriyar duhu. Shi ya sa ni na tsaya a kan Panasonic FZ300, wadda ta fito a 2015. Ninkinta 24 ne kacal, tana ƙarewa a milimita 600, megafiksel ɗinta 12, a takarda sai ka ce ta fi sauran rauni. Amma ƙofar haskenta a 2.8 take zama daga farko har ƙarshe, wato a ƙarshen jawowa tana shigar da hasken da ya ninka na FZ82 sau 4 da wani abu. Kuma an toshe gaɓoɓinta domin ƙura da yayyafi, abin da ƴar'uwarmu ta Abalak take kuka da shi. Milimita 600 sun isa su cika maka hoto da ƴan kokowa biyu daga kan benci. Aibinta ɗaya, ta fi tsada, mai yiwuwa ta zarce abin da ke hannunka ko da ta hannu ce, kuma ga ƙaramin tsuntsu a tsakiyar tafki rabin nisan FZ82 kawai take da shi. Sai ka auna wanne ya fi zama maka dole, filin kokowa ko aji.

Ɗan Ader, daga Tahoua:

Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka. Na koma wurin ɗan kasuwar na danna maɓallin kamar yadda aka ce, hancin bai motsa ba, na bar masa kayansa. Bayan na yi tunani, na ga hotunan aji sun fi mini muhimmanci, domin kokowa ana nuna ta a talabijin, tsuntsayen Tabalak kuwa babu mai kawo wa yaran nan su. Don haka hankalina ya karkata ga FZ82, sai in na dace da FZ300 a farashin da zan iya. Zan shigo Yamai a hutu mai zuwa. Me ya kamata in duba a jikin ta hannu kafin in biya?

Mai hoton biki, daga Yamai:

Madalla, Malam. Ka zo da katin ajiyarka na SD, kuma ka je da rana, kada ka yarda a yi ciniki a cikin shago mai duhu. Ka fara da jawo zum ɗin daga farko zuwa ƙarshe kamar sau biyar kana saurara. In ka ji gurzawa kamar ana niƙa, ko ya tsaya a hanya ya yi tsalle, akwai yashi a ciki, ka bar ta komai arharta. Ka haska tocilar waya cikin gilashin ka duba ko akwai karce, ko wani farin zare-zare kamar saƙar gizo, wanda laima ke haifarwa, kuma ana yawan samun sa a kayan da suka biyo ta bakin teku. Sannan ka ɗaga ta sama ka ɗauki sararin samaniya zalla a ƙarshen zum, ka buɗe hoton ka bi shi lungu-lungu. In ka ga wani ɗigo mai duhu yana dawowa a wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ta sauka a kan farantin, kuma a irin waɗannan kyamarori ba a iya share ta sai an kwance kyamarar gaba ɗaya.

Bayan haka ka auna wani allon talla mai nisa, ka danna maɓallin ɗauka rabi, ka ga ko hoton ya lafa ya daina rawa, domin na'urar hana girgiza ita ce ran dogon zum. Ka ciro batirin ka kwantar da shi a kan tebur, in yana lilo ya kumbura. FZ82 tana caji ta igiyar USB, saboda haka irin ma'ajiyar wutar da ake cajin waya da ita za ta taimaka maka idan an ɗauke wuta. Kada ka kashe jika 150 ɗin duka a kan kyamarar, ka rage na batir na biyu, da kati daga amintaccen wuri saboda na jabu sun yi yawa, da jaka mai rufi.

Game da Tabalak, ka je da sassafe ko bayan la'asar. Da tsakar rana zafin da ke tashi daga ƙasa da ruwa yana sa iska kawalwalniya, kuma a milimita 1200 babu kyamarar da za ta ba ka hoto mai tsabta ta cikinta. Ka jingina da bishiya, ko ka zauna ka ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ka riƙe numfashi sannan ka danna, kuma ka sa saurin ɗauka kada ya gaza kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa in tsuntsun yana motsi. Idan ka sa ranar zuwa Yamai ka sanar da ni, in na samu sarari sai mu je mu duba ta tare.