Taƙaitawa: atisayen hutun ƙarshen kakar wasa ga dogayen matasan 'yan ƙwallon kwando

Jama'a, ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu kan yaranmu dogaye masu tsaron ƙarƙashin kwando a nan Zariya.

1. Kowa ya yarda a fara da hutun mako 2 zuwa 3 bayan kammala gasa.

2. An fi daɗewa a kan maganar gwiwa. Yaron da ya yi tsawo farat ɗaya, ƙashinsa ya riga jijiyoyinsa girma, ga filayenmu yawanci siminti ne. Yawan tsalle a kai yana jawo ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa. Shawara: a rage tsalle, a yi tsugunno da miƙewa sau 8 zuwa 10, zagaye 3, kwana 2 ko 3 a mako, a ƙara nauyin da ake ɗauka sannu a hankali. In ciwon ya ƙi sauka, sai asibiti.

3. Barcin awa 8 zuwa 10. Abinci kuma wake, ƙwai, nono da kifi. Lokacin bazara a yi atisaye bayan Asuba ko bayan La'asar.

Inda aka rabu: wasu sun ce dogon yaro ya ƙara jiki don kada a riƙa ture shi wajen cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando. Wasu suka ce ƙiba cikin gaggawa tana kashe saurin ƙafa, koci kuma ba ya barin dogo a filin wasa in gajeru suna wuce shi. Ni ina tare da na biyun, domin masu farautar 'yan wasa yanzu sun fi neman dogon da ke gudu, yana tare ƙarami, yana kuma jefawa daga nesa.