Ta ina zan fara bambanta wa ɗalibai 'yan China "sign" da "omen"?

Mai Alli:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci ta intanet ga manya masu jin Sinanci, kuma darasin kalmomin alama, ishara da sanarwa ya tsaya mini a wuya. Wata ɗalibata ta rubuta cewa zazzaɓi "omen" ne na mura, da na gyara mata sai ta nuna mini ƙamusunta, inda aka jera sign, omen da symptom a gaban kalmar Sinanci zhengzhao ba tare da wani bayani ba. Malamai, ta ina kuke kamo bakin zaren?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Malama. Ɗalibarki ba ta da laifi, ƙamusun ne ya yi mata rowar bayani. Ni nakan fara da sign, domin ita ce uwa: ta haɗa allon shago da Sinawa ke kira zhaopai, da tambari, wato biaozhi, da alamar cewa wani abu yana tafe, wato jixiang. Symptom kuwa ta likita ce. Omen ita ce mai ƙamshin camfi, kuma a nan tarihinsu yana taimakona ƙwarai. Harafin zhao na cikin zhengzhao asalinsa tsagar da ke fitowa a ƙoƙon kunkuru ko ƙashin shanu idan masu duba na tsohuwar daular Shang ta China suka ɗora masa wuta, irin ƙasusuwan da aka gane rubutunsu a 1899. Su kuma Romawa tsuntsaye suke dubawa, daga nan aka samo auspicious. Da zarar na faɗi haka, sai su gane jizhao ita ce good omen, xiongzhao kuma bad omen. Sai dai ki ja musu kunne: omen tana iya zama alheri ko sharri, amma ominous sharri kaɗai take nufi.

Mai Fassara:
Malam ya gama da wancan ɓangaren, ni sanarwa zan taɓa. Kalmar xuanbu guda ɗaya takan fito a Turanci da announce, declare ko proclaim, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kowa yana iya announce, ko da ranar aurensa ce. Declare tana da ƙarfin doka, kamar sanarwar 'yancin Amurka ta 1776 ko bayyana kaya a gaban kwastan. Proclaim shelar mai mulki ce, irin wadda shugaban Amurka Lincoln ya yi a 1863 kan 'yanta bayi. Takardar da ake liƙawa a ƙofar ofis, tongzhi, notice ce kawai.

Mai Alli:
Na gode, Malamai. Tarihin zai ci mini lokaci, amma zan gwada na ƙoƙon kunkuru. Saura furuci, domin har yanzu rabin ajin suna furta "g" ɗin sign, tunda sun ji ta a signal da signature.