An rubuta ma Baba gwajin CRP da eko, mu yi ko mu sayi magani?

Ɗan Ƙofar Sauri: Salamu alaikum jama'a. Babanmu na da shekara 64, ga hawan jini ga suga, shekaranjiya hannunshi na hagu ya saki, baki ya ɗan karkace, can ya dawo daidai. Likita ya rubuta hs-CRP (gwajin jini) da eko (hoton zuciya), wai a duba kumburin jijiyoyin jini da kitsen da ya lulluɓe zuciya, don suna nuna haɗarin shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewar jijiya. Kuɗin hannunmu kaɗan ne. Wa ya taɓa yi?

Maman Haidar: Allah ba shi lafiya. Tafarnuwa da zogale kullum da safe.

Baban Ummi: CRP dubu 8 na yi, eko 20.

Na Sabuwar Unguwa: Dubu 8 a wace Katsinar? Ni 15 aka caje ni, eko 30.

Anti Nas: Ƙila na gama-gari aka yi maka Baban Ummi, hs daban ne, shi ke gano ko ɗan ƙaramin kumburi. Sakamakon hs ɗin ƙasa da 1 haɗari kaɗan, sama da 3 babba, in ya haura 10 kuma galibi wata cuta ce kamar maleriya, sai an warke a sake. Amma ƙanena abin da ya samu Baba gargaɗi ne, ku koma wurin likitan yau ku gaya mashi ƙarfinku, shi zai ce wanne za a fara.

'Yar Daura: Hmm ni ban son tuna wannan. Innarmu ta faɗi tana alwalar asuba, dangi suka ce iska ce, aka yi ta tofi da hayaƙi har la'asar, wani mai kemis ya ba ta asfirin, da muka kai ta asibiti aka ce injin hoton kai ya lalace sai Kano, muka je ashe jijiya ce ta fashe ba toshewa ba, asfirin ɗin ƙara ɓarna ya yi. Yanzu ko cokali ba ta riƙewa, masu cewa iska kuwa ko leƙe.

Baban Ummi: Subhanallah, Allah ya sa kaffara ne.

Sarkin Tsire: Kitse a zuciya kuma? Ashe can man shanun tuwona ke taruwa 😂 gara ni siriri.

Anti Nas: Siriri ma na tara shi malam.

Na Sabuwar Unguwa: Anti ke fa nas ce ba likita ba.

'Yar Daura: Kai da ke sayar da katin waya fa?

Maman Haidar: Ku bar gwaji, maganin hawan jinin ma wa ke iya saye yanzu? Amlodipine ɗin Hajiya kowane wata da sabon kuɗi, kuma ba ka san mai kyau ba.

Ɗan Ƙofar Sauri: To jama'a eko ɗin a ina ya fi sauƙi?

Sarkin Tsire: Maman Haidar wane kamfani kike saye?