Me ya sa muryar mawaƙan garmaho ta sauya bayan 1925?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san tarihin faifan garmaho. Na lura cewa mawaƙan Amurka da aka naɗi muryarsu kafin 1925 kusan dukkansu da ƙarfi suke waƙa, amma bayan 'yan shekaru sai ga wasu suna rerawa a hankali kamar masu raɗa. Salon waƙar ne ya sauya, ko na'urar?

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Na'urar ce ta fara sauyawa, Malam, salon ya bi sawunta. A da babu ruwan lantarki da wannan aiki. Mawaƙi yakan tsaya a bakin wani ƙaton mazurari ya rera a cikinsa, ƙarfin muryarsa kaɗai ke girgiza wani siririn marfi, marfin kuma ya motsa allurar da ke yanka layi a jikin faifan kaki. Saboda haka makaɗa sukan cunkushe a gaban mazurarin, masu goge su riƙe gogen Stroh wanda aka liƙa wa ƙaho, kuma in mawaƙiya za ta ɗaga murya dole ta ja da baya, don kada allurar ta ɓata layin.

Injiniyoyin kamfanin Bell, Joseph Maxfield da Henry Harrison, su suka jagoranci haɗa tsarin Western Electric, inda makirufo ke mai da sauti lantarki, wata na'ura ta ƙara masa ƙarfi kafin ya kai ga allura. Kamfanonin faifai Victor da Columbia sun karɓi lasisinsa a 1925. Wajen kama siririn sauti, tsohon tsarin bai cika wuce girgiza 2,500 a daƙiƙa ba, sabon kuwa yana kaiwa wajen 6,000.

Ma'abociyar_Faifai:
Bayanin ya gamsar, sai dai ni abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne mutanen da makirufo ya buɗe wa ƙofa. Art Gillham, mai sanyin murya, yana cikin na farko da Columbia ta naɗa da sabon tsarin a Fabrairun 1925, daga baya irin su Gene Austin da Bing Crosby suka yi fice da waƙar da ake yi dab da makirufo, har ana jin numfashinsu. A watan Maris na shekarar an naɗi mawaƙa wajen 850 lokaci guda a zauren Metropolitan da ke New York, abin da mazurari ba zai taɓa ɗauka ba. Babban abin takaici shi ne shahararren mawaƙin Italiya Enrico Caruso ya rasu a 1921, don haka duk abin da ya rage mana na muryarsa ta mazurari ya bi.

Mai_Bin_Diddigi:
Ƙari kaɗan, Malama. Tun a Nuwamban 1920 wasu masu ƙirƙira biyu, Lionel Guest da Horace Merriman, suka naɗi sautin jana'izar sojan da ba a san sunansa ba a majami'ar Westminster da ke Landan ta hanyar lantarki, sai dai sautin bai fita da kyau ba. Kuma da farko kamfanonin ba su yi shelar sabon tsarin ba, gudun kada tsofaffin faya-fayansu su yi kwantai. Mai son gane na lantarki ya duba kusa da takardar tsakiyar faifan: a lokacin Victor kan buga haruffan VE, Columbia kuma W.