Ƙanina yana son sana'a, Baba yana son digiri: a ba mu shawara

Yayar Abba: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a kan ƙanina Abba. Shekararsa 18, ya gama sakandare, an ba shi gurbi a jami'a amma ba kwas ɗin da ya nema ba. Shi kuwa tun yana ƙarami hankalinsa na kan kayan lantarki, duk fankar da ta mutu a gida shi ke kwance ta ya tayar da ita. Yanzu ya ce a bar shi ya koyi wayarin da haɗa sola. Baba ya ce sam, duk 'ya'yansa sai sun yi digiri. Yau kwana huɗu yaron ba ya ko cin abinci sosai. Ni ce a tsakiya, kowa ni yake kawo wa ƙorafi. Don Allah waɗanda suka san harkar su faɗa mini gaskiya.

Malam Garba mai wayarin: Wa alaikumus salam 'yata. Shekarata ashirin da biyu a wannan aiki, da shi na yi aure, da shi nake ciyar da iyalina, don haka ba zan kushe shi ba. Amma ki faɗa wa ƙaninki wani abu tun yanzu: idan gudun littafi yake yi, to nan ma littafi na jiransa. Na taɓa samun yaro mai hannu sosai, ya iya fasa bango ya binne bututu tsaf, sai dai lissafi ba ya shiga kansa. Wata rana ya ja wa hitar ruwa mai wat 3000 layi da siririyar wayar da ba ta ɗaukar fiye da amfiya 6. Ita kuwa hita irin wannan, a wuta mai ƙarfin bolt 230, amfiya 13 take ja. Allah ya sa na shiga ɗakin, na ji warin roba, na taɓa wayar na ji ta yi laushi kamar za ta narke a hannuna. Da a ce da dare ne aka kunna ta, da labari ya sha bamban. Rabawa ɗaya ce kawai, wat a kan bolt, amma ran mutane ne a cikinta. To ki duba takardunsa na lissafi da fizik. In yana da su kuma yana son aikin, wallahi zai yi nisa.

Maman Hanan: Ni dai ina bayan Baba, kuma ku yi haƙuri. Akwai ƙofofin da ba a buɗe su sai da digiri. Ba wanda zai zama likita ko lauya ko mai harhaɗa magunguna ta hanyar zama a shago. Ko a fannin lantarkin ma, wanda ke zana tsarin wutar babban gini ya sa hannu a kai injiniya ne mai rajista. Yaro ɗan 18 bai gama sanin abin da yake so ba. In ya bar gurbin nan, bayan shekara biyar ya yi nadama, komawa aji da wuya take, musamman in iyali sun hau kansa.

Injiniya Bashir: Hajiya, maganarki tana kan hanya, sai dai ki lura ba kwas ɗin injiniya aka ba shi ba. Da shi aka ba shi, ni ne farkon wanda zai ce ya tafi. Na ga abokan karatuna da aka tura su fannin da ba sa so: shekara huɗu suna jan ƙafa, suka fito da sakamakon da ba sa iya nuna wa kowa. Ni kaina da na gama, na iya lissafin tiransifoma a takarda, amma ranar farko da aka miƙa mini filaya aka ce in haɗa allon rarraba wuta, wani dattijo da bai taɓa shiga jami'a ba ne ya zaunar da ni ya koya mini. Har gobe ina gaishe shi da girmamawa.

Kuma raba abin gida biyu da muke yi, ko sana'a ko boko, ba ko'ina ake yin haka ba. A Jamus matashi na yin shekara biyu zuwa uku da rabi yana koyon sana'a, kwana uku ko huɗu na kowane mako a kamfani, sauran a makaranta, ana biyansa albashin koyo, a ƙarshe ya zauna jarrabawa a ba shi takardar da ko'ina a ƙasar aka yarda da ita. Sana'o'in da ke cikin tsarin sun haura 300. Wanda ya ci gaba har ya kai matsayin da suke kira Meister, wato gwanin da ke da izinin horar da wasu, ana ajiye takardarsa a mataki ɗaya da digirin farko, kuma yana iya shiga jami'a da ita. A Suwizalan kuwa kusan kashi biyu cikin uku na matasa ta hanyar sana'a suke bi bayan karatun dole. Darasin da na ɗauka daga gare su shi ne hannu da aji tare suke tafiya. Shawarata: a nema masa kwalejin fasaha mai koyar da lantarki, ya riƙa zuwa wurin aiki a ranakun da babu darasi.

Malama Zainab: A matsayina na malamar fizik zan so a ba Baba labarin Michael Faraday. Ɗan maƙeri ne a Ingila, yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya yi shekara bakwai a shagon yana karanta abin da ake kawo masa ya ɗinka. Bai yi jami'a ba. A 1831 ya gano yadda maganaɗisu mai motsi ke haifar da lantarki a cikin waya, abin da janareta da tiransifoma ke aiki da shi har yau. Ba wai ina cewa kowane yaron shago Faraday ne ba. Abin da ya ɗaga shi karatun da bai daina ba ne, shi ya sa nake roƙon kada a bar Abba ya ajiye littafi ko wace hanya ya bi.

Yayar Abba: Na gode ƙwarai. To idan Baba ya sauko, ta yaya za mu gane wurin koyo na ƙwarai? Tsorona kada a kai shi inda zai ƙare a aike da share shago.

Malam Garba mai wayarin: Tsoronki a kan hanya yake, don akwai irin waɗannan wuraren da yawa. Ku je shagon ba tare da kun sanar ba, ku tsaya ku kalli yaran. Wa ke riƙe da mita da sukudireba, wa ke riƙe da tsintsiya? Ki ja wanda ya shekara biyu gefe ki tambaye shi abin da zai iya yi shi kaɗai. Sannan ki tambayi ogan yara nawa ya yaye kuma ina suke yanzu. Mai koyarwa na gaskiya zai lissafo miki su da alfahari. Wanda ke ɓoye wa yara sirrin aiki don kada su zama kishiyoyinsa, a nan za ki ji yana kame-kame. A rubuta yarjejeniya: shekara nawa, me za a koya masa, yaushe za a yaye shi. Kuma a tabbata ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta hukuma ya karɓi takarda, don babban kamfani ba ya ɗaukar mutum da "kowa ya san na iya". Abu na ƙarshe, ki lura ko ogan yana kashe wuta ya gwada da testa kafin ya sa hannu. Wanda ke taƙama da aiki a kan wuta mai rai, kada ku ba shi ɗanku.

Baban Khalifa: Ni walda na yi, bari in ƙara abin da ba a cika faɗa wa yara ba. Sana'a da jiki ake yin ta, jiki kuma yana gajiya. Na shekara goma ina walda da baƙin gilashi kawai, dare da yawa na kwana ido na zubar da hawaye kamar an watsa mini yashi. Daga baya na ji cewa a 2017 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da ke jawo kansa. Mai sola kuma kullum yana kan rufi. Ranar da ka kwanta ciwo babu albashin da zai shigo. Saboda haka ya koyi ajiya da rubuta shiga da fita tun yana yaro, ya kuma sa a ransa cewa wata rana shi ne zai riƙa duba aikin wasu daga ƙasa. Wanda ya yi karatu ya fi saurin kaiwa can.

Usman AC: Gaskiya ne, kuma aikin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da gas ɗin R-22 na koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yanzu ana janye shi a duniya saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare ozon, wato iskar da ke can sama tana tare mana hasken rana mai cutarwa. Sababbin na'urori da R-32 ko R-290 suke zuwa, dukansu kuwa suna kamawa da wuta. Wanda ba ya iya karanta takardar da ke cikin kwali zai yi wa kansa illa. Haka inbata da batirin litiyom, kowace shekara sabon samfuri.

Maman Hanan: To na ji, na kuma sassauta. Amma kada a yar da gurbin nan haka kawai. A je a tambayi jami'ar ko tana yarda a ɗage shiga da shekara ɗaya, ko a canza kwas bayan shekarar farko. Kuma 'yata, kada ki je wa Baba da gardama. Tsoro yake ji kada ɗansa ya wulaƙanta. Ki nemi wani babba da yake jin maganarsa ku je tare.

Yayar Abba: Alhamdulillah, jiya da dare Kawu ya zo suka zauna da Baba, na karanta musu saƙonninku. Baba bai ce ya yarda ba, amma ya ce Abba ya yi wata ukun da suka rage kafin rajista a wurin aiki, a ga ko son gaske ne. Gobe zan je in tambayi maganar ɗage shigar, in kuma karɓo fom ɗin kwalejin fasaha. Malam Garba, me zai tanada na ranar farko?

Malam Garba mai wayarin: Takalmi mai rufi da tafin roba, testa, filaya mai robar hannu, da ƙaramin littafi da biro. Mita kada ku saya tukuna, sai ogansa ya nuna masa irin wadda ta dace. In da hali ki turo mini hoton sakamakonsa na lissafi in gani.